Abin da na tsinta a hirarmu kan sinadaran binciken furotin

To jama'a, ga abin da na tattaro. Su dai waɗannan sinadaran ƙanana ne, ana zuba su a kan ƙwayoyin halitta su toshe furotin guda ɗaya, sai a ga me ya canza. Matsalar ita ce da yawansu basa tsayawa kan furotin ɗaya.

Kusan kowa ya yarda sinadarin kirki ya yi aiki a ƙasa da nanomola 100 (ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa ne), kuma ya fi kama furotin ɗinka sau 30 a kan danginsa. Inda aka fi daɗewa shine maganar yawa, wai mutum ya zuba maikiromola 10 ko 20 (maikiromola ɗaya nanomola 1000 ne) sannan yace ya gano aikin furotin, haba, a wannan yawan ai komai yake taɓawa.

Aka kawo misalin sinadarin JQ1 na 2010 mai toshe dangin furotin na BET irin su BRD4, yana da tagwai mai kama dashi sak amma baya aiki, da tagwan ake gwadawa a gefe don kwatantawa. Ni wannan shawarar tafi burge ni gaskiya. Sannan a nemi sinadari na biyu mai gini daban, a kuma tabbatar da sakamakon ta hanyar CRISPR (dabarar gyara ƙwayoyin gado) in da hali.

LY294002 kam, wani tsohon sinadari da baya tsayawa kan furotin ɗaya, aka ce a hutar dashi haka.