Gargaɗin -Wsign-compare a binary search ya ƙi barina

Assalamu alaikum. Na rubuta binary search (neman lamba a jerin da aka tsara, ana raba shi biyu a kowane mataki) a C++, low da high, wato iyakokin wurin da ake nema, duk int ne. Da na kunna -Wall (zaɓin da ke kunna gargaɗi), sai compiler ɗin g++ ya yi gargaɗin -Wsign-compare a layin low < v.size(), inda v shi ne jerin, tunda size() size_t yake dawowa da shi, nau'in lamba da ba ya sauka ƙasa da sifili, saɓanin int.

Na mayar da su size_t, gargaɗin ya tafi, amma abin ya ƙara lalacewa. In lambar da nake nema ta gaza ta farko, mid (tsakiyar low da high) ya zama 0, sai high = mid - 1 ya juye ya koma 18446744073709551615, manhajar ta faɗi. Haka ma in jerin babu komai a ciki. Na gwada static_cast<int>, wato mayar da size() zuwa int da ƙarfi, gargaɗin ya yi shiru, amma wannan rufa-rufa ce kawai, jerin da tsawonsa ya wuce 2147483647 zai karya shi.

Don Allah, yaya zan tsara sharaɗin while da size_t ba tare da high ya juye ba?