Kyamara mara madubi ko 'yar ƙarama mai shiga ruwa? Waɗanda suka riƙe su su faɗa mana

Maman Ikram

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kyamara guda nake son saye, ƙarfina bai kai biyu ba, kuma na tsaya tsakanin iri biyu na rasa wadda zan ɗauka. Akwai mara madubi (mirrorless) da ake canza wa lensi, irin Sony a6400 ko Canon R50. Akwai kuma 'yar ƙaramar nan mai jure ruwa da faɗuwa, OM System TG-7. Aikina duba gonakin kifi ne, yawanci ina cikin kwalekwale ko a bakin tafki, hannu a jiƙe, wani lokaci ruwan sama ya rutsa da mu a can. A gida kuma ina sha'awar hotunan yara waɗanda suka fi na waya kyau. Abin da ke jikin kwali duk na karanta. Abin da nake nema shi ne wanda ya yi amfani da ɗaya daga cikinsu ya gaya mini yadda suka kwashe.

Mai Duba Gini

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni TG-6 ce a hannuna, yayar wadda kika ambata. Ta fito a 2019 lokacin sunan Olympus na jiki, kafin sashen kyamarar ya koma OM Digital Solutions a 2021, sannan TG-7 ta biyo baya a 2023. Kusan abu ɗaya ne: sensa (ɓangaren da ke karɓar haske ya zama hoto) ɗaya mai megafiksel 12, lensi ɗaya. Babban bambancin da za ki gani shi ne sabuwar tana caji da USB-C.

Inda nake aiki ƙurar siminti ce da yashi da ƙarfe. Kyamarar tana aljihun rigar aikina tare da tef da alli. Ta taɓa zamewa daga hannuna ina kan tsani, ta bugi sumunti, fentin kusurwa ya ɗan kwaile, na ɗauka na ci gaba da aiki. Kamfanin ya ce tana jure faɗuwa daga mita 2.1, da nauyin kilo 100 a kanta, da zurfin ruwa mita 15. Ban gwada iyakar ba, amma da yamma idan ta yi fari fat da ƙura sai in tsoma ta a bokitin ruwa in girgiza in goge. Wannan kaɗai ya sa na daina jin tsoron fito da ita. Tana kuma rubuta wurin da aka ɗauki hoto da GPS, abin da ke taimaka mini sosai wajen rahoto. Ke ma ina jin zai yi miki amfani idan tafkunan suna da yawa.

Baban Sadiq

Hajiya ki yi haƙuri in kawo ɗaya ɓangaren, don kin ambaci yara. Na taɓa sayen irin waɗannan ƙananan masu shiga ruwa, ba sai na faɗi kamfani ba, duk kusan sensarsu ɗaya. Da rana a waje ba ta da laifi. Amma da zarar magariba ta yi, yara suna wasa a falo ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai hoton ya fito da ɗige-ɗige, fuska ta yi santsi kamar an shafa mata fenti, hannun yaro idan ya motsa ya zama dishi-dishi. Abin da ya fi ba ni takaici, wayata ta fi ta fitar da hoton dare, saboda waya tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido ta haɗe su wuri guda.

Dalilin yana cikin girman sensa. Ta waɗannan ƙananan kusan milimita 6.2 ce da 4.6. Ta a6400 kuwa milimita 23.5 ce da 15.6, wato girman filinta ya ninka na waccan kusan sau 13. Haske ne abincin kyamara, wadda ta fi faɗi ta fi kwasa. Da na koma mara madubi na sa mata lensi mai buɗin f/1.8 (ƙaramar lamba na nufin babban buɗi mai shigar da haske da yawa), a falon nan dai, da ƙwan nan dai, har gashin idon ƙaramin ɗana ana gani, bayansa ya narke ya bar shi shi kaɗai. Kuma tana bin idon yaro da kanta duk inda ya gudu. Idan hoton yara ne a ranki, ƙaramar ba za ta ba ki abin da ya fi waya ba. Ina faɗa miki ne tun yanzu don kada ki saya ki ji haushi.

Anti Mai Hoto

Baban Sadiq gaskiya ka faɗa game da falo, amma baiwar Allah ta ce cikin kwalekwale take wuni. Ɗaukar hoto sana'ata ce, mara madubi nake riƙewa kullum, kuma don ina son su ne nake cewa kada a kai su inda ba a yi su dominsa ba.

Ƙanwata, ki kula da maganar nan ta cewa kyamara tana jure yanayi. R50 ba ta da wata kariya daga ruwa. Sony sun ce a6400 tana jure ƙura da laima, amma su da kansu sun rubuta cewa ba tabbaci ne ɗari bisa ɗari ba, kuma ƙaramin lensin 16-50 da ake haɗa ta da shi ba shi da robar toshe ruwa. Ko waɗanda aka yi musu gwaji na sosai, irin mara madubin nan OM-5 mai lambar IP53, ma'anar lambar ita ce ƙura da yayyafi da feshi. Idan ta faɗa tafki, magana ta ƙare.

Sai ƙura. Tunda babu madubi a gaba, da kin cire lensi sensa ce a fili tana kallon iska. Wani yaro da nake koya wa aiki ya canza lensi a fili ana iska, muka dawo muka tarar da ɗigo baƙi-baƙi a sararin sama a kowane hoto da aka ɗauka a f/11, wuri ɗaya ba ya motsi. Robar hura iska ta cire wasu, sauran sai da aka goge sensar da abin gogewa na musamman. Akwai kuma laima. Lensin da ke yawan zama a wuri mai danshi yana yin fumfuna daga ciki, zare-zare fari a jikin gilashi, kuma idan ta daɗe tana cin rufin gilashin. Ni a akwati mai rufe iska nake ajiye nawa tare da ƙullin silika.

Abin da na lura da shi a kaina shi ne, ranar da hadari ya haɗo ko na hau jirgin ruwa, kyamarar tana komawa jaka, jakar kuma cikin leda. Kafin in kwance in fito da ita abin da nake son ɗauka ya wuce. Ke kuma ba sau ɗaya a shekara za ki shiga wannan hali ba, kullum ne.

Maman Ikram

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, to idan na sayi mara madubin na sa ta a irin kwanson nan na shiga ruwa fa? Kuma wayata ma an ce IP68 ce, wato tana jure ruwa, ko ita za ta ishe ni a wurin aiki?

Mai Nutso

Hajiya bari in amsa wannan, don a ruwa nake yawancin hotunana. Kwanson ruwa na mara madubi ana ƙera shi ne daidai da samfurin kyamara guda, kowane lensi kuma da irin bakin da ke dacewa da shi. Yana da girma, yana da nauyi, hannu biyu yake ci, kuma idan kin sauya kyamara sai kin sake wani. Mai nutso da gaske ne yake buƙatarsa. Jakar leda mai ziri kuma tana tare feshi, amma maɓallai suna wahalar latsawa, hoton ma yana rage kaifi. Nikon sun taɓa fitar da mara madubi mai shiga ruwa da kanta a 2013, Nikon 1 AW1, har mita 15, amma sun daina layin gaba ɗaya. Shi ya sa har yau zaɓin yake tsakanin biyun nan da kika kawo.

Waya kuwa, gwajin IP68 a ruwa mai tsabta ake yinsa, kuma manyan kamfanonin waya ba sa sa lalacewar ruwa cikin garanti. Ga shi fuskar waya ba ta jin yatsa idan ta jiƙe. Ƙaramar kyamara maɓallai gare ta, ko da safar hannu za ki latsa.

Amma kada a ɗauka mai shiga ruwa ba ta son kula. Duk tsaronta yana kan 'yar roba siririya da ke kewaye da ƙofar batir da ta caji. Na ga wani abokin tafiya da tasa ta sha ruwa a zurfin da bai kai ƙirji ba. Da aka buɗe, silin gashi guda ne ya kwanta a kan robar. Fuskar kyamarar ta yi raɓa daga ciki, ta ɗauke, ba ta sake tashi ba. Don haka kafin ki fita, ki buɗe ƙofofin a wuri mai haske ki duba robar da ido, babu yashi babu gashi, ki rufe ki sa makullin na biyu har jan alamar ya ɓace. Idan ruwan gishiri ko na laka ta shiga, ki jiƙa ta a ruwa mai kyau kamar minti 10 ƙofofi a rufe, ta bushe kafin ki buɗe. Littafin TG ya ce awa ɗaya ce iyakar zamanta a ƙarƙashin ruwa, ya kuma ba da shawarar a sauya robar duk shekara.

Abu mafi muhimmanci gare ki: ba ta yawo a saman ruwa, nutsewa take yi. Ki saya mata igiyar hannu mai kumfa. A tafkin kifi mai kore ko mita ɗaya ta yi ƙasa ba za ki gan ta ba.

Malamin Ƙwari

Akwai abin da ba a taɓo ba wanda nake ganin ya shafi aikin Hajiya kai tsaye. Ni binciken ƙwarin amfanin gona nake yi, ina da mara madubi da lensin ɗaukar ƙananan abubuwa, amma a fili TG nake fitarwa. Tana iya ɗaukar abu daga santimita 1 da gilashinta. Na ɗauki ƙwayayen malam-buɗe-littafi a bayan ganye, kowane ƙwai bai kai kan allura ba, amma zanen da ke jikinsa ya fito layi-layi. A nan ƙanƙantar sensa riba ce, domin tana sa abu ya fito da kaifi daga gaba zuwa baya, alhali babbar sensa a wannan kusanci sai kan ƙwaro ya fito jikinsa ya ɓace. Tana kuma iya ɗaukar hotuna da dama a jere ta haɗe su don kaifin ya game ko'ina. Akwai zoben haske da ake ɗaura mata a gaba, LG-1, don idan kin matso sosai inuwar kyamarar kanta tana rufe abin.

Ki yi tunanin kifi mai ciwo a hannun ma'aikaci, ana son hoton gyambo a fata ko tsutsa a maƙogwaro don a tura wa likita. Kifin yana fizge-fizge, ruwa na fantsama, majinar jikinsa na shafar komai. Da ƙaramar za ki matso har ki kusa taɓa shi da hannu ɗaya, ki wanke ta daga baya. Ban ga yadda za a yi wannan da a6400 hankali kwance ba.

Baban Sadiq

Malam na yarda da wannan, ban san tana matsowa haka ba. Amma a gaya mata iyakar jawowarta ma. Daga milimita 25 zuwa 100 ne a ma'aunin lensi da aka saba, kuma idan an jawo har ƙarshe buɗin yana raguwa daga f/2.0 zuwa f/4.9. Tsuntsu a ɗaya gefen tafki ɗigo zai zama. Ba ta da tagar leƙe, da rana tsaka sai an kare fuskar da tafin hannu. Ni har yanzu da ni ne, OM-5 da lensin 14-150 mai robar toshe ruwa zan duba, sensarta ta ninka ta ƙaramar kusan sau 8, tana jure yayyafi, kuma a gida za ta yi aiki.

Anti Mai Hoto

Zaɓi ne mai kyau ga mai tafiya a ƙasa, Baban Sadiq, ni ma na fita da irinta cikin ruwan sama ba abin da ya same ta. Amma lensin 14-150 yana farawa ne daga f/4, a falo da dare sai ta ƙara sayen wani mai buɗi, ga shi ta ce kuɗin abu ɗaya gare ta. Kuma kwalekwale yana tangal-tangal. Ƙanwata, ni da ke ce ƙaramar zan ɗauka don aiki, wayar ta ci gaba da ɗaukar yara da dare, da rana kuma ki fita da su waje ki ɗauke su da kyamarar, har ki miƙa musu su riƙe ba fargaba. Mara madubin ta jira lokacin da hali ya yi.

Maman Ikram

Maganar kifi mai ciwo ta shige ni, don abin da nake fama da shi ke nan da waya. Tambaya ɗaya ta rage: batirin yana kai wuni guda?

Mai Duba Gini

A ƙa'idar gwaji kusan hoto 330 ne a caji ɗaya, ni yana kai ni yamma idan ban yi bidiyo da yawa ba. Akwai ɗan makunni a samanta mai rubutun LOG. Idan kin bar shi a kunne GPS yana ci gaba da aiki ko kyamarar na kashe, sai ki wayi gari batir ya yi ƙasa, don haka ki mayar da shi idan kin tashi aiki. Ki sayi batir na biyu, LI-92B sunansa, amma kada ki canza shi a cikin kwalekwale da jiƙaƙƙen hannu. Ki bari sai kun fito tudu, ki goge jikinta da tsumma busasshe, ki juya ƙofar tana kallon ƙasa sannan ki buɗe, don ɗigon da ya maƙale a gefen robar ya zubo waje.