Neman kalma: me za mu kira layin dogon da aka raya don tarihi?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis da safe za a ɗauki wani shiri nawa a kan tsofaffin layukan dogo na Birtaniya, kuma kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: "heritage railway", da "steam locomotive", da "nostalgia". Misalin da na gina shirin a kansa shi ne layin Talyllyn da ke yankin Wales, wanda aka shimfiɗa tun 1865 don jigilar dutsen rufin ɗaki. Mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu a 1950, sai wasu masu ƙaunar jirgi suka kafa ƙungiya, suka karɓi layin a 1951, suka ci gaba da tafiyar da shi ba tare da albashi ba. Shi ne na farko a duniya da aka ceto ta wannan hanya. Bayansa aka sami irin su layin Bluebell a kudancin Ingila a 1960, kuma abin ya ƙara yawa bayan rahoton 1963 na Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasan Birtaniya a lokacin, wanda ya ba da shawarar a rufe tashoshi fiye da 2,000, da kuma bayan hukumar jiragen ƙasar ta daina aiki da injunan da ake kira "steam locomotive" a watan Agustan 1968. Abin da nake so mai sauraro ya gane shi ne jiragen nan ba a girke suke ba. Ana hura musu wuta, ana sayar da tikiti, suna ɗaukar fasinja har gobe. Ga "heritage railway", da farko na rubuta "jirgin gado".

Malama Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Ki cire "jirgin gado" tun yanzu, ƙanwata. A bakinki za ki ja wasalin farko a ji gadon da ake ci, amma a rubuce babu abin da ya raba shi da gadon kwana, kuma wanda ya taɓa shiga jirgin Kano zuwa Legas zai ɗauka taragon masu kwanciya kike nufi. Ni "layin dogon tarihi" zan ce. Ga injin kuwa, "kan jirgi mai aiki da tururi".

Mai Shirin Rediyo: Na yi tunanin "tarihi", Malama, amma tsorona kada a ji kamar abin da aka ajiye a gidan tarihi, irin kawunan jirgin da ke gidan tarihi na Jos, waɗanda suka yi aiki a ƙaramin layin Zariya zuwa Jos kafin a rufe shi a 1957. Waɗancan kallonsu kawai ake yi, waɗannan kuwa hawa ake yi.

Baba Ɗan Reluwe: 'Yata, a yi mini haƙuri, ni ba masanin harshe ba ne, amma a gidajen ma'aikatan reluwe na Zariya na tashi, kuma mahaifina aikinsa zuba kwal a kan jirgi. Ban taɓa jin wani ya ce "mai aiki da tururi" ba. Jirgin kwal muke cewa, don a raba shi da na dizal da ya zo daga baya. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi. Mahaifina yakan tsaya tsakanin taragon kwal da bakin wuta da shebur a hannu, ya buɗe ƙofar murhu da ƙyar saboda zafi, ya watsa kwal ta yadda zai bazu ko'ina, domin in ya taru wuri ɗaya wutar ba ta ci sosai, tukunya ta yi sanyi, jirgi ya kasa hawan tudu. In ya dawo gida, sai mahaifiyata ta ɗauki bakin ɗankwalinta ta ciro masa ƙwayar toka daga ido kafin ya ci abinci. Duk wanda ya kai shekaruna, da zarar kin ce jirgin kwal zai ji usur ɗin a kunnensa.

Malam Mai Nahawu: Da girmamawa ga Baba, ba zan goyi bayan "jirgin kwal" ba, saboda dalili biyu. Na ɗaya, kwal ba shi ne asalin abin ba. Wuta ce take tafasa ruwa a tukunya, tururin ya tura fistin, wato ƙarfen da ke kai da komowa a cikin injin, fistin ya juya ƙafafu. Akwai jiragen da aka yi wa wuta da itace, kuma layin Ffestiniog, shi ma a Wales, ya shafe shekaru da dama yana ƙona mai a madadin kwal. Shin waɗannan ma jirgin kwal za a kira su? Na biyu, kalmar kwal aro ce daga Turanci, alhali harshenmu bai gaza ba. Ina ba da shawarar "turarau", daga aikatau "turara", a bisa tsarin da ya ba mu gagarau da mantau da makarau. Kalma ɗaya ce, gajera, ta gida, kuma na daɗe ina amfani da ita a aji.

Malama Mai Fassara: Malam, tsarin ginin kalmar daidai ne, amma kunne ba ya bin tsari. Duk macen da ta ji "turarau" a rediyo kaskon turaren wuta za ta tuna. Ban da haka, wannan ɗafi na "au" galibi mutum yake siffantawa da halinsa, kamar yadda misalanka uku suka nuna.

Malam Mai Nahawu: Haka ake cewa duk lokacin da aka kawo sabuwar kalma. Da kakanninmu sun ji irin wannan tsoro, da ba su ɗauki "jirgi", wanda na ruwa ne, sun ɗora shi a kan ƙasa da sama ba. Su sun ƙirƙira, mu kuwa mun zauna muna kwasar "reluwe" da "loko" da "injin" kamar ba mu da iyaye a harshe. Gidajen rediyo ne suka fi kowa laifi, domin su ke da kunnen jama'a, amma kullum hanzarin ƙarfe nawa za a shiga ɗakin shiri ya hana su tuntuɓar jami'a.

Baba Ɗan Reluwe: Malam, ranka ya daɗe, waɗanda suka ce "reluwe" da "loko" su ne suka sha zafin wutar, kuma Hausawa ne 'ya'yan Hausawa. Tun da jirgi ya iso Kano a 1911 ake faɗin waɗannan kalmomi, a kansu aka yi dakon gyaɗa da auduga da fata. Kalmar da ta haura shekara 100 a bakin mutane, ban ga wanda zai ce mata baƙuwa ba. Ba na jin daɗi a ce mahaifina bai iya Hausa ba don bai shiga jami'a ba.

Malam Mai Nahawu: Ban faɗi haka ba, Baba, kuma Allah ya jiƙansa. Amma idan kowa zai tsaya a kan abin da ya ji a unguwarsu, to babu amfanin daidaitacciyar Hausa.

'Yar Maraɗi: Tunda an ambaci daidaitacciyar Hausa, a riƙa tunawa da mu. Shirin nan za a ji shi a Maraɗi da Damagaram, inda jirgin kwal bai taɓa ratsawa ba, kuma mutanenmu da yawa a Kano ko Kaura Namoda suka fara ganin jirgi. "Loko" ba ta ce mana komai. "Tururi" kuwa kowa ya san shi daga tukunyar dambu. Saboda haka ina bayan a ambaci tururi ko da sau ɗaya ne, amma "turarau" ni ma ban gane ta ba sai da aka yi bayani.

Mai Shirin Rediyo: Don Allah, iyayena, a dawo kan layin kansa, lokaci yana ƙure mini. Ga kuma wata matsala: masu tafiyar da waɗannan layuka na rubuta "'yan sa-kai", sai na tuna yau a Zamfara da Katsina wannan suna masu ɗauke da makami yake nufi.

Malama Mai Fassara: Kin yi tunani mai kyau. Ki ce "masu aikin gayya". Ma'aikacin banki ko malamin makaranta ya zo ranar hutunsa ya sa kayan aiki, ya goge injin, ya gyara katakon layi, ya duba tikiti, ba don a biya shi ba sai don abin na kowa ne: wannan gayya ce, kuma manomi zai gane ta nan take. Game da layin, tunda kina tsoron "tarihi" ita kaɗai, ki ƙara mata aikatau: "layin dogon tarihi da aka raya". Da "raya" ake gane cewa ya kusa mutuwa, kuma yanzu yana numfashi. Kalma ta uku kuwa, wato "nostalgia", ba ta da abokiya guda ɗaya a Hausa. "Bege" ta yi nauyi, ta karkata ga soyayya da yabon Manzon Allah. "Marmari" ta abin da ake sa ran samu ce. "Kewa" ta fi kusa, amma sai an faɗi abin da ake kewa.

'Yar Maraɗi: Akwai saura a nan. Yawancin masu zuwa hawan jiragen nan an haife su bayan 1968. Ta yaya mutum zai yi kewar abin da bai taɓa gani ba?

Baba Ɗan Reluwe: Yana yi, 'yata. Jikana bai taɓa ganin jirgin kwal yana tafiya ba, amma in muka wuce tsohuwar tasha sai ya tsayar da ni ya ce in nuna masa inda kan jirgi yake shan ruwa. Ni kewa nake yi, shi kuwa ban san sunan abin da yake ji ba.

Malama Mai Fassara: To a raba su: "kewar zamanin jirgin kwal" ga tsofaffi, "sha'awar zamanin da" ga matasa. Ba ta cika ba, amma ba ta yi ƙarya ba.

Mai Shirin Rediyo: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan karanta: a farkon ambato, "jirgin kwal, wato wanda tururi ke tuƙawa", daga nan "jirgin kwal" kawai. Layin zai zama "layin dogon tarihi da aka raya", masu aikin kuma "masu aikin gayya". Kalma ta uku zan bi yadda Malama ta raba ta. Malam, ka yafe mini, ba zan iya sa "turarau" ba a wannan karo.

Malam Mai Nahawu: Shirinki ne, 'yata, Allah ya ba da sa'a. "Da aka raya" ta yi, na karɓa, "gayya" ma haka. Amma kalma bakwai a madadin biyun "steam locomotive" bayani ne, ba suna ba, kuma ranar da kika zo kan jirgin da ke ƙona mai za ki dawo ki same ni. Ni dai a ajina "turarau" zan ci gaba da cewa.