Mako ɗaya a hanyar ziyara ta arewacin Sifaniya: daga ina zan fara?

Tambaya:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Ina da hutun kwana 7 a watan Satumba, kuma ina so in taka hanyar masu ziyara da ake kira Camino del Norte, wadda ke bin gaɓar teku daga Irun zuwa Santiago de Compostela, inda Kiristoci suka yi imani kabarin Manzo Yaƙub yake. Tsawonta ya haura kilomita 800, don haka mako ɗaya ba zai ishe ni ba. Wane ɓangare kuke ganin ya fi dacewa?

Amsa ta farko:
Ɗan'uwa, ka fara tantance abin da kake nema. Idan takardar shaidar kammala ziyara da ake kira Compostela kake so, za ka same ta idan ka taka kilomita 100 na ƙarshe da ƙafa, ana buga maka hatimi sau biyu kowace rana a littafin ziyararka. Sai dai wannan ɓangaren ba ya bakin teku, domin hanyar tana rabuwa da gaɓa tun daga Ribadeo ta shiga cikin yankin Galisiya. Daga Vilalba za ka isa cikin kwanakinka ba tare da gaggawa ba.

Amsa ta biyu:
Ni da zan ba ka shawara, ka bar takardar sai wata shekara, ka taka daga Irun zuwa Bilbao, kimanin kilomita 150. Ranar farko za ka hau dutsen Jaizkibel, teku shimfiɗe a damarka, ka gangara Pasaia inda ƙaramin jirgin ruwa ke tsallakar da mutane, kafin ka shiga San Sebastián. Amma kada kyawun wurin ya ruɗe ka, hawa da gangara ne ba ƙaƙƙautawa, kuma tsakanin Deba da Markina gwiwoyina sun gaya mini gaskiya, musamman da ruwan sama ya mayar da turbar taɓo. Ka tafi da takalmin da ƙafarka ta saba da shi, da rigar ruwa, da sanda.

Amsa ta uku:
Abin da zan ƙara shi ne, gidajen kwanan masu ziyara a wannan yanki ba su da yawa, kuma sukan cika da wuri, saboda haka ka riƙa yin sammako kana bin kibiyoyin rawaya da ke nuna hanya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa. Zan fara daga Irun, in rage nauyin jakata.