Isandlwana: akwatin harsashi ne ya kayar da Turawa, ko Zulu?

Tsohon Soja: Ni fa ina nan kan bakana. Da an buɗe akwatunan harsashi da wuri a yaƙin Isandlwana, a Afirka ta Kudu, ranar 22 ga Janairun 1879, da Zulu ba su ga bayan Runduna ta 24 ta Ingila ba. Mai mashi ba ya kayar da mai bindigar Martini-Henry sai in harsashi ya yanke.

Malamin Tarihi: Ranka ya daɗe, da girmanka, wannan zance ya sha suka. Murfin akwatin ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi, in aka doke shi da gindin bindiga sai ya buɗe. Kowane soja kuma yana ɗauke da harsashi 70 a jikinsa. Waɗanda harsashi ya yanke wa su ne mahayan Kanar Durnford, da suka yi nisa da sansani. Da suka ja da baya sai gefen dama ya zama fili.

Tsohon Soja: To ai ka faɗa da bakinka, Malam. Harsashi ne.

Malamin Tarihi: Na Durnford na ce, ba na Runduna ta 24 ba. Kuma wa ya sa aka watsa rukunonin sojan a fili, tsakanin soja da soja da tazara mai yawa? Lod Chelmsford, babban kwamandan Ingila, ya kwashe kusan rabin dakarun tun asuba, ya tafi neman abokan gāba inda ba sa nan. Bai sa an haƙa rami ba, bai sa an kewaye sansanin da kekunan shanu ba. Pulleine, hafsan da ya bar wa tsaron sansanin, bai taɓa jagorantar yaƙi ba.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk kuna ta lissafin kuren Bature, kamar Zulu 'yan kallo ne. Ntshingwayo, kwamandan Zulu, ya kawo mayaƙa wajen 20,000 ya ɓoye su a kwarin Ngwebeni, 'yan leƙen asirin Chelmsford ba su sani ba sai da wasu mahaya suka yi kiciɓis da su. Nan take Zulu suka tashi a tsarin ƙahon sa: ƙirji ya dafe gaba, ƙahoni suka zagaya ta bayan dutsen Isandlwana suka toshe hanyar gudu. Sama da mutum 1,300 suka mutu a ɓangaren Ingila. Wannan aikin akwati ne?

Ɗan Autan Gida: Anti, to me ya hana su cin Rorke's Drift, ƙaramin sansanin Ingila da ke kusa, a daren nan? Mutum wajen 150 ne fa kacal.

Uwar Biyu: Ɗana, can Turawa sun yi ganuwa da buhunan masara da akwatunan biskit, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Runduna ɗaya, bindiga iri ɗaya. Abin da aka ƙi yi da safe shi aka yi da yamma. Kuma Sarkin Zulu Cetshwayo ya hana mayaƙansa afka wa wurin da aka kafa ganuwa, ɗan'uwansa Dabulamanzi ne ya yi gaban kansa.

Malamin Tarihi: Lambar jarumta ta Victoria Cross 11 aka raba kan Rorke's Drift. Wasu na ganin an yi ta kururuta shi ne don a rufe kunyar safiya.

Tsohon Soja: A'a, nan kam ban yarda ba. Wanda ya kwana yana harbi asibiti na ci da wuta a bayansa ya cancanci lambarsa. Chelmsford dai ku ba ni shi, shi da ya ɗora laifi kan Durnford don ya san gawa ba ta musu.