Shawarwari ga masu zuwa aikin bishara a Nijar

A wata tattaunawa a Wusasa da ke Zariya, dattawan da suka saba fita aikin bishara ƙasashen waje sun fi jan kunne kan kyauta. Wanda ya baro manyan gidajen Yamai ya shiga ƙauyen da rumbu ya ƙare tun kafin damina, tausayi kan sa ya hau rabon sefa a titi. Suka ce kul: yara za su yanyame ka, masu ƙarfi su kwashe, matar da ɗanta ke fama da tamowa ta koma hannu rabbana. A miƙa taimako ta hannun faston garin da mai gari, su suka san gidan da bai ɗora tukunya ba.

Gero kuma a saya can, maimakon jigila daga Zariya, kuɗin ya zauna hannun manomansu. Amma kada a saya da yawa a ƙaramar kasuwa, tiya za ta yi wa talaka tsada.

Ba a ɗaukar hoton mabuƙaci sai da izininsa, balle a watsa a Facebook. Alkawarin rijiya ko makaranta kuwa, sai kuɗin na ƙasa. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance tare da fasfo.