Koyon rubuta manhajar kwamfuta tun daga lise: ta ina ake farawa?

Uwar Yara, Birni:
Assalamu alaikum. Ɗana zai shiga ajin ƙarshe na lise, sashen C, kuma ya nace sai ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, alhali ba mu da kwamfuta a gida. Shin hakan ba zai raba masa hankali da jarrabawar Bak ta kammala sakandare ba?

Malamin Lissafi, Zango:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin lissafin da ake zurfafawa a sashen C shi ne ginshiƙin wannan fanni. Abin da ya kamata ya fara ƙwarewa a kai shi ne tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan biro da takarda sun isa. Misali, ya rubuta matakan da za su tara lambobi daga 1 zuwa 100, ya bi su da hannu har ya fahimci dalilin da jimillar ke zama 5050. Bayan haka sai ya koma ga Python, wani harshen rubuta manhaja wanda ya fito a 1991, saboda ƙa'idojinsa ba su da sarƙaƙiya.

Ɗalibin Jami'a, Sabon Gari:
Inna, wayar Android ma tana wadatarwa, tunda manhajar Pydroid 3 tana gudanar da Python ko babu intanet. Sai dai ina ganin a taƙaita koyon ga Asabar da Lahadi, domin ko Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram sai da Bak ake shiga.

Uwar Yara:
Na gode, Malam. Zan ba shi wayata ranar Asabar.